Mabuɗai Goma Sha Bakwai

Ran Litinin aka miƙo mini mabuɗai,
goma sha bakwai a zobe guda,
da hatimi, da kujera mai juyi,
da direban da ya hana ni taɓa ƙofar mota.
Aka yi tafi, aka ci tuwon shinkafa da rago.
Kafin la'asar kowa ya kama gabansa,
aka bar ni da kukan fanka.

Na gwada su ɗai-ɗai.
Wannan na ofis, wannan na majalisa,
wannan na durowar da takardu ke kwana.
Uku ba wanda ya san ƙofarsu.
Jelani sakatare ya ce haka ake gadonsu,
kowane shugaba ya karɓa, ya miƙa.

Bayan isha na ja mayafi, na bar mota,
na bi ta bayan ɗakin karatu.
Iskar Yawuri ta zo da ƙamshin kogi,
Kwara na can kwance, cike har wuya,
ga bokiti arba'in da biyu a ƙofar ɗakin 'yan mata
sun yi sahu gaban famfo, suna azumin dole.

Wata yarinya, Ladi, 'yar Zuru,
tana haddar sinadarai ƙarƙashin fitilar titi,
ta dube ni, ba ta san ni ba:
"Mama, in ruwa kike so, sa naki bayan shuɗin can.
Wani lokaci yakan zo da asuba."
Na ce na gode.
Duk jawaban da na sha da rana
babu wanda ya nuna mini wurina kamar wannan.

Baba Nomau na iske a ɗakin inji,
ya shimfiɗa buhu, rediyo a kunne.
Shi ya gane ni, ya miƙe da ƙyar.
"Ranki shi daɗe, injin ba shi da laihi.
Bel na ya tsinke tun watan jiya.
Na rubuta takarda, ta hau bene,
har yau ba ta sauko ba."
Na tambayi kuɗin.
Bai kai cinyar ragon da muka ci ba.

Ubana ɗan jirgi ne.
Ran kasuwa yakan ƙetarar da mutanen gungu,
da awakinsu, da gero, da sabon kwano.
Ina ƙarama nakan ruga goshin jirgi
don in riga kowa ganin gaɓa.
Ya ce, "Can wurin baƙo na, Hajo.
Mai filafili baya shika zama,
shi ga ƙeyar kowa, shi ga inda jirgi ya karkata,
in ruwa ya shigo, ƙafatai shika fara taɓawa."
Shekara arba'in ina tara digiri,
sai daren nan maganar ta iso.

Gobe Dakta Hantsi zai zo da wasiƙar ƙungiya.
Shekara tara muna ofis ɗaya, butar shayi ɗaya,
na san ranar da ya binne ɗansa.
Jiya ya kira ni da muƙami, ya ƙi zama.
Zai nemi abin da babu a asusu,
zan ce babu, zai ji kamar na ci.
Wannan ƙofar ban san mabuɗinta ba.

Na koma bene, ƙarfe ɗaya saura.
Mabuɗi na biyar ya buɗe durowa.
Ga takardar Nomau, ƙasan tari,
rubutun biro mai rawa, da tabon man inji,
hannu shida sun sa mata "a duba".
Na sa na bakwai, na rubuta "a saya".

Ban san ko bel zai kai ƙarshen zango ba.
Na dai gaya wa direba da safe
mu biya kasuwa kafin ofis.
Ya ce me za a sayo?
Na ce bokiti.
Akwai inda aka ce in ajiye shi.