Takardar da Ba Ta Huje Ba

Ni tela ne, a Mabera shagona yake.
In dai huji ne, na allura na sani.
Sai ga Luba daga makaranta da takarda:
"Baba, sa hannu, ran Asabar za a koya wa 'yan kadet saiti."
Na ajiye almakashi.
Mu da muka rufe ƙanen uwarta bara a gabas,
wa zai ambaci bindiga in yi murmushi?
Kwana biyu takardar na danne ƙarƙashin keke.
Ran na uku na sa hannu,
na ce amma ƙafata ƙafarki.

Bayan Kwannawa ne, gonar Alhaji Ɗan'ige.
An yanke gero, ya ce a shiga, ko sisi bai karɓa ba.
Jan tudu ya tokare ƙarshenta kamar bango.
Nomau mai walda ya ƙera ƙafafun allo
da guntayen ƙarfen da suka rage masa.
Inna Tumba ta sauke kunu bokiti biyu da ƙosai,
ta ce duk wanda ya taɓa aljihu sun ɓata.
Wani direba, ko sunansa ban riƙe ba,
sawu uku ya yi da man kansa.

Saje Nabunkari ya daɗe da tuɓe kaki,
kunne ɗaya ya baro shi a daji.
Sai da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa
kafin ya bar yaro ya kusanci kunama.
"Baki ƙasa! Yatsa waje!
Wagga aba ba ta san ɗan'uwa ba.
Ku ad da hankali, ita babu."

Bindigogin iska ne guda huɗu, na aro.
Harsashin bai fi ƙwayar dawa ba,
ana ƙirga shi biyar biyar daga gwangwanin madara.
Suka kwanta rub da ciki bisa tabarmi.
Ja numfashi. Saki rabi. Riƙe.
Tas!
Modi ya harbi tudun Allah, ya bar allo lafiya lau,
har Inna Tumba sai da ta saki ludayi don dariya.

Layi ya zo kan Luba.
Ta kwantar da kunci, ta runtse ido ɗaya,
ni kuwa na ji ƙosan ya tsaya mini a wuya.
Shiru.
Shirun ya yi yawa.
Sai na ga yatsa ya fito, bindiga ta kwanta,
hannu ya tashi sama: "A tsaya!"
Mu manya ashirin babu wanda ya gani:
balami ne ya ɓullo ta kafaɗar tudu,
bayansa ɗan yaro da igiya, ba ko riga.

Usur ya tsaga fili.
Kafin a kora rago, a lallashi yaro, a sake tsai da mai gadi,
ladan ya kira la'asar, direba na duban rana.
Ƙwayoyinta biyar suka koma gwangwani.

Saje ya taka da ɗingishinsa har gaban allo,
ya ɓalle takardarta, fara fat, ba tabo,
ya lalubo biro ya rubuta goma bisa goma.
"Saiti, wata ukku ya isa a koyai.
Wanga da kig gwada muna,
na san masu hurhura da ba su iya shi ba."

Tana nan manne bisa bangon shagona.
Masu kawo ɗinki kan tambaya, wannan ta mece ce?
In ce jarrabawa ce.
Har gobe ba na son ƙarar abin nan.
Amma daga ragowar yadin kaki
na ɗinka buhunan yashi goma sha biyu na tokarar hannu.
Asabar zan kai su.
Kada wanda ya tambaye ni nawa ne,
in ba so yake in haɗa shi da Inna Tumba ba.