Kuɗin Shiga

Mun bar Damazin da hantsi,
ni da Gwaggo Marka, da ƙullin dabino,
takalmanta a hannu,
wai ba ta shiga jirgi da abin da zai nauyaya mata ƙafa.

Sammani ya ja igiyar inji sau huɗu,
a na biyar ya yi tari, ya kama.
Ya ce, "Hajiya, zauna tsakiya, ban da leƙe."
Ita kuwa leƙen ne ya kawo ta.

Tafki shimfiɗe kamar tiren da aka wanke.
Kawunan matattun itatuwa a waje,
kowanne da balbelarsa.

"Rage gudu," in ji ta,
"nan kasuwa ce, kar ka bi ta kan mahauta."
Sammani ya dube ni, na dubi ruwa.
Ya rage.

Tsibirin bai fi filin idi ba.
Tayoyi masu fenti, an binne rabinsu a yashi,
lilo biyu, ɗaya ba sarƙa,
bencin siminti, da allon da ke roƙon a kiyaye tsabta.
Wani saurayi ƙarƙashin laima ya yago mana tikiti.
Gwaggo ta kwance bakin mayafi tana ƙirga fam:
"Yau ni ke biya
in hau tudun da na yi kiwon awaki."
Yaron ba ya jin Hausa.
Ya yi murmushi, ya miƙo canji.

Bahita mai gahawa ta dafa mana da citta,
hayaƙin lubban yana bin iska.
Yara na tsere, wani na ɗaukar amaryarsa hoto,
ni ina neman inda waya za ta kama.

Na waiga, ba Gwaggo.

Can na same ta bayan ɗakin janareta,
tafinta a jikin tsamiya,
tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa
irin na ƙawar da aka daɗe ba a gani ba:
"Ke kaɗai kika ƙi tashi.
Mu an ba mu gidaje masu lamba,
ke an ba ki kwandon shara."
Ta tsinki ɗaya, ta ɓare, ta tsotsa,
ta yamutsa fuska:
"Har yanzu ba ki gyara hali ba."

Da la'asar sakaliya muka juyo.
A wani wuri da ba shi da alama,
ruwa dai kamar kowane ruwa,
ta ɗaga hannu.
Sammani ya kashe inji ba tare da an gaya masa ba.

Ta yi sallama ga na ƙasa,
ta kira su ɗaya-ɗaya:
Inna, Malam Barau, Ta-Sallah da ba ta kai yaye ba.
Jirgi na juyawa a hankali.
Wani kifi ya yi tsalle, ya koma.

Ta shafa, muka shafa.
"To, mu je, kar magariba ta same mu a gidan mutane."

Sammani ya kama igiya.
Ɗaya. Biyu.
Ba wanda ya ƙosa ta kama.