Sai Laka

Kantin yana bayan tashar bas ta Savonlinna,
da warin roba da na man inji.
Yaron, Jyri, sunansa na rubuce a ƙirjin riga,
ya sauko mini da babbar, mai fuskar inci tara.
Tana leƙa ƙasa, tana leƙa gefe,
ta haddace tafkin Saimaa tsibiri bayan tsibiri.
Yuro ɗari tara da hamsin.

Na ce, ɗan nan, kwalekwalen mutum ɗaya gare ni,
kayak ja, siriri kamar wuƙa.
Tsakanin gwiwoyina taƙi ɗaya ne da yatsa biyu,
da safen nan na auna.
In na kafa wannan, ta ina filafili zai wuce?
Batirinta kaɗai ya kai nauyin jinjiri.

Ya jawo wata da ake shafa wa fuska.
Na buɗe masa tafukana.
A watan Oktoba waɗannan suna cikin safar hannu,
a jiƙe, a sandare, ga yauƙin kifi.
Ba ni mai maɓalli, wadda in na danna zan ji ta amsa.
Kuma mu fita da ita waje:
a inuwar kanti kowace fuska kyakkyawa ce,
rana ke tona asiri.

Muka tsaya a bakin titi, ni da shi,
muna karkata ƙaramar, mai inci biyar,
kamar masu duban jabun kuɗi.
Ta karantu. Na biya.

Ban gaya masa ba
cewa mahaifina, Urho, na'urarsa dalma ce da igiya.
Yakan shafa wa gindin dalmar kitse, ya sake ta,
ta dawo da yashi ko tsakuwa,
ya murza a yatsa, ya shinshina,
ya ce ga inda muke.
Shekara uku ke nan da ya tafi da taswirarsa a ka,
bai bar mana ko shafi ɗaya ba.

Daren Asabar, irin daren damina
da rana ke ƙin faɗuwa sosai,
na manna idon na'urar a cikin kwalekwale,
na tura.
Tana jefa murya ƙasa, tana jiran amsa-kuwwa,
tana zana abin da ta jiyo.
Mita tara. Sha ɗaya.

Na daidaita hasumiyar coci da karkatacciyar bishiya
yadda ya koya mini ina 'yar shekara goma.
Sai ga dutsen yana tasowa a kan gilashi,
sha ɗaya, bakwai, huɗu,
da tsagar nan a kafaɗarsa ta hagu
mai cinye ƙugiyoyi.
Tsoho bai kuskure da ko kamu ɗaya ba.
Na ajiye filafili a cinya, na daɗe.

A hanyar dawowa iska ta kore ni
zuwa lungun bayan tsibirin,
inda ya yi shekara arba'in yana ce wa kowa,
maƙwabta, limamin coci, har mu da ya haifa:
kada ku ɓata lokaci, babu komai can sai laka.

Gilashin ya cika.
Baka-baka, manya, a jere bisa wani rami,
kifin kuha, kamar an tara su taro.
Ashe nan yake sulalewa da asuba
in ya ce zai je duba raga.

Dariyata ta tashi agwagi biyu.

Na'urar ta tambaya ko in adana wurin.
Na danna a'a, babban yatsa ya ji ta amsa.
Na kama biyu, na mayar da ɗaya.

A bakin gaɓa ƙanena Raimo na hura wutar ɗakin sirace.
Ya ce, Tuulikki, kuɗinki sun yi rana?
Me ta nuna miki a lungun Baba?

Na juya kwalekwale ya tsane.
Na ce, sai laka.