Bakwai Cikin Goma Sha Shida

Ƙarfe tara na dare a Sheffield,
ruwa na bugun taga kamar mai bin bashi.
Shayi ya huce a kofi.
Takardu ashirin da takwas a gabana,
da jan biro, da ma'aunin da makaranta ta ba mu:
ra'ayi, hujja, kalmomin haɗi, kammalawa,
kowanne daga ɗaya zuwa huɗu.

Tambayar da na ba 'yan aji biyar:
a sare tsohuwar bishiyar bakin ƙofa
a yi wurin ajiye motoci, ko a bar ta?

Priyanka ta ce a sare.
Da farko, na biyu, bugu da ƙari, a ƙarshe,
ta jera su kamar kwanuka a kan kanta,
ba ƙura, ba lotsawa.
Huɗu, huɗu, huɗu, huɗu.
Hannuna bai ko tsaya shawara ba.

Oskar ya shiga da bishiya
ya fito da ƙwallon ƙafa,
ban gane kwanar da ya kauce ba.
Na rubuta masa: riƙe akalar zancenka.

Marwa ta ce a bari saboda tsuntsaye,
sai ta tuna babanta na zagaya unguwa sau uku
kafin ya sami wurin tsayawa.
Ruwan ido ya kama ta a tsakiyar shafi,
ta ba kowa gaskiya, ta koma gefe.
Na san wannan yarinyar.
Ni ce, shekara talatin baya, a Funtuwa,
inda "ni a ganina" ba ta dace da bakin yaro ba,
inda ake cewa abin da babba ya hango
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
Yau ga ni, ana biya na albashi
in koya wa 'ya'yan mutane hawan rimi.

Sai takardar Callum.
Layi uku, rubutu kamar tonon kaza:
"Kada a sare.
A nan kakana yake tsayawa ya jira ni.
Har yanzu nakan duba."

Na tuna tsohon, da hular ulu da sanda,
da ƙaramin kare mai ɗingishi.
Tun Fabrairu uwar yaron ce ke zuwa,
a gurguje, da rigar aiki a jikinta.

Na ɗora ma'auni a kai.
Ra'ayi: yana tsaye kamar turke. Huɗu.
Hujja: uku ake nema, ɗaya ya kawo.
Kalmomin haɗi: ko "saboda" babu.
Kammalawa: babu,
ko kuwa ni ce ban san
yadda ake kammala irin wannan magana ba.

Bakwai cikin goma sha shida.

Na tashi, na sake ɗora ruwan zafi,
na dawo, bakwai ɗin na nan.
Ranar Alhamis za mu zauna da Misis Hartley
mu gwada makinta da nawa.
In na ƙara masa ko ɗaya za ta ce ina hujjata,
kuma da gaskiyarta:
mudun da aka auna wa Priyanka
shi za a auna wa kowa.

Na rubuta bakwai, na kewaye.
A ƙasa, da fensir, don jan ya yi kaifi da yawa:
"Ka ja ni zuwa ɓangarenka.
Gobe ka zo da wuri.
Ka gaya mini sunan karen,
da abin da kakanka ke cewa in ya hango ka.
Daga nan za mu samo sauran hujjoji biyun."

Da safe ban sami wurin ajiye mota ba,
sai can bayan shagon burodi, titi biyu tsakani.
Priyanka ba ta yi ƙarya ba.
Na tako cikin yayyafi, jaka na jan kafaɗata,
na zo wucewa ƙarƙashin bishiyar,
ganye na ɗigo mini a wuya.
Ba kowa a wurin.
Ni ma na duba.