Ɗakin Sanyi a Tromso

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya rufe gari.
Ragnhild ta sa rigar ulu biyu, ta shiga ɗakin sanyi
da hanjin kifi cikin bokitin ƙanƙara,
wanda Oddvar ya sauke daga jirgi da asuba.

Abin da take nema ido ba ya ganin sa:
furotin, zare guda da ya naɗe kansa
kamar ƙullin igiyar matuƙi.
A ruwan da ke daskarar da yatsa yake aiki,
ya yanka, ya saki, ya cafke na gaba.
Ka ɗan ɗumama shi, ya warware.

Ta niƙa, ta tace, ta bar shi yana ɗiga.
Kwalba ta goma sha bakwai ce ta rine rawaya.

Wata bakwai tana lallashin sa ya zama lu'ulu'u.
Ta ƙara gishiri, ta rage, ta sauya tsami;
ramuka casa'in da shida a faranti, duk laka.
Oddvar ya ce, "Da miya kika yi, da mun ƙoshi."
Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Yau ta sunkuya kan madubi.
A ramin gefe, inda hannunta ya goce ranar zubi,
wani abu mai kusurwa shida yana mai da haske,
bai kai ƙwayar gishiri ba.

Ba ta kira kowa ba tukuna.
Ta riƙe numfashi,
kada ɗuminsa ya narkar da shi.