Gishirin Rigar Jatau

Rigarka na ɗauka zan wanke, Jatau,
sai ga farin zane a gadon bayanta,
kamar kogin Kaduna da rani.
Na lasa yatsa: gishiri ne.

Ashe shi ka yi ta zubarwa
daga gadar Kawo har Kakuri,
ranar bazara tana dafa kwalta.
Leda shida ka sha, in ji ka,
duk da haka sharaɓa ta ɗaure,
mai faci ne ya ja ka inuwa.

Ruwa zalla ba ya biyan bashin gumi.
Gorar gobe ni zan haɗa:
jiƙon tsamiya, sukari kaɗan,
gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka.
Kurɓa tun ƙishirwa ba ta yi sallama ba.
In fitsari ya koma kalar shayi, tsaya,
titin ba gudu zai yi ba.