Duron Baba

Duro biyu Baba ya bari a rumfar baya,
a Gyallesu, gefen injin niƙanmu,
ɗaya cike har wuya, ɗaya rabi.
Ya ce, "Gas ba tumatir ba ne da zai ruɓe,
ku bar shi sai ran da lita ta fi ƙarfinmu."
Muka bar shi damina uku.
A ta biyun muka kai Baba makwancinsa,
muka dawo, kaji na kwana kan duro.

Da ranar ta zo, da layin mata ta zo,
robobin masara tun daga ƙofa har bakin kwata.
Na zuƙo daga na rabin, na ɗura.
Inji ya yi tari irin na tsoho,
ya feso farin hayaƙi,
ya yi shiru.

Jatau makanike ya taso daga Kwangila.
Ko kallon injin bai yi ba.
Kwalbar lemo ya nema,
ya tura tiyo har gindin duro,
ya ɗaga ta saitin rana:
a sama mai ya yi ja kamar shayin da ya kwana,
a ƙasa ruwa, yatsa biyu, kwance abinsa,
tsakaninsu wani baƙin yauƙi
da ko kare ba zai sansana ba.

Na ce, "Wa ya zuba? Marfin a ɗaure yake."
Ya goge hannu a wando.
"Ƙarfe ma numfashi yake, Sadisu.
Da rana ya fitar, da dare ya shaƙa.
Iskar marka ta shiga da laimarta,
sanyin asuba ya matse ta jikin ƙarfe, ɗigo-ɗigo.
Inda mai bai kai ba, nan ɓarawon ke kwana.
Duba na ciken, da ɗan sauƙi."

Muka tsiyaye na sama, muka tace da tsohon zane.
Ribar da muka jira shekara uku
ta tafi a sabuwar filta da ladan Jatau.
Mata suka kwashe robobinsu zuwa injin Barau.

Bayan isha na hau duron na zauna.
Baba, gaskiya ka faɗa, ba tumatir ba ne,
tumatir yakan yi wari ya sanar da kai.
Raɓa ta fara sauka.
Ƙarƙashina ƙarfen ya ce ƙas,
yana jan numfashi.